Notin ƙarfen kariyar babur ɗina ya karye bayan na ba ƙanena aro

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da babur mai silinda ɗaya, da shi nake zuwa aiki, nakan kuma yi doguwar tafiya jefi-jefi. Wata 7 da suka wuce na sayi ƙarfen kariya, irin bututun nan da ake ɗaurawa a gefen inji don kada ya bugu da ƙasa idan an faɗi. Ba na kamfanin babur ɗin ba ne. Ni da abokina muka ɗaura shi. Ramin sama na gefen hagu bai zo daidai ba, sai da muka sa ƙarfe muka banƙaro shi kafin notin ya shiga. Makon jiya na ba ƙanena aron babur ɗin na kwana 3. Da ya dawo da shi na tarar notin nan ya karye, kansa ya maƙale a kunnen ƙarfen, sauran kuma ya rage a cikin jikin inji. Na ce masa ya faɗi ne ya ɓoye mini, ya rantse bai faɗi ba, muka yi cacar baki, yau kwana 6 ba ma magana. An rubuta 8.8 a kan notin, kaurinsa milimita 8. Wurin da ya karye kusan kashi biyu cikin uku sumul yake, ya yi duhu, akwai wasu layuka masu lanƙwasa, ragowar kuma fari ne fes mai kaushi. Gaskiya na ɗan jima ina jin wani kaɗawa a gefen, na kuma taɓa ganin jan gari kamar ƙura kewaye da notin. Wani bakanike ya ce in sa noti 12.9 ko na farin ƙarfen da ba ya tsatsa, wani ya ce a yi walda a huta. Shin ƙanena ne ya karya shi? Kuma me zan sa a gurbinsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gode da ka tsaya ka dubi fuskar karayar ka bayyana mini ita dalla-dalla, domin mafi yawan mutane jefar da guntun suke yi su tafi neman sabo. Wannan guntun da ke hannunka shi ne babban shaida a wannan magana, kuma abin da ya faɗa ya wanke ƙanenka.

Ɗauko shi ka je inda haske yake. Ka ɗauki hotonsa da waya ka buɗa hoton sosai. Kada ka kankare shi, kada kuma ka haɗa shi da wani ƙarfe kana gogawa. Wannan ɓangaren mai sumul da ya yi duhu tsohuwar tsaga ce. Ta fara ne a matsayin ɗan tsagi da ido ba ya gani, a gindin zare, ta riƙa cin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Fuskokin tsagar biyu suna ta gugar juna har suka yi laushi, iska da danshi suka shiga suka sa musu duhu. Layukan nan masu lanƙwasa, kamar sawun da ruwa ke bari a kan yashin bakin kogi idan yana janyewa, kowanne wuri ne da tsagar ta ɗan tsaya kafin ta ci gaba. Idan ka bi su da ido zuwa inda suka tattaru, za ka ga ɗigon da ciwon ya soma. Farin ɓangaren mai kaushi kuwa shi ne abin da ya rage yana riƙe da ƙarfen har ranar ƙarshe, ya tsinke farat ɗaya. Kwana 3 ba sa isa ƙarfe ya yi wannan laushi da wannan duhu. Ranar da ka miƙa wa ƙanenka mabuɗi, notin ya riga ya mutu kashi biyu cikin uku. Ramin hanya ɗaya ya isa ya ƙarasa shi, ko a hannun wa babur ɗin yake.

Da faɗuwa ce ta karya lafiyayyen noti, da ba haka fuskar za ta kasance ba. Notin da aka fi ƙarfinsa lokaci guda yakan lanƙwashe ko ya miƙe ya tsuke a wuya kafin ya tsinke, zarensa ya buɗe, fuskar karayar duka ta zama sabuwa mai launi ɗaya. Wanda aka yanke ta gefe kuma za ka ga ƙarfen ya shafe ya nufi ɓangare guda, kamar an ja wuƙa a kan sabulu. Wanda aka murɗe da sifana har ya tsinke, fuskarsa a baje take da alamar juyi kamar guguwa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan a bayaninka. Sannan babur ba ya faɗuwa ya ɓoye. Dubi ƙarshen hannun sitiyari na hagu, da bakin libar kuloci, da madubi, da matakin ƙafa, da fitilar sigina, da jikin ƙarfen kariyar kansa wanda shi zai fara shan ƙasa. Idan babu sabon ƙarzo a waɗannan wurare, to ba a faɗi ba.

Don haka ka je ka same shi yau, kada ka bari kwana 6 su zama wata guda. Kai ne babba, kuma kai ka yi zargin. Ka tafi da guntun notin a aljihu, ka nuna masa duhun nan, ka ce masa ka yi kuskure, ya yi haƙuri. Mutum ya rantse maka ka ƙi yarda, wannan ya fi karyewar noti ciwo, kuma na tabbata shi ne abin da ke cinsa. Kada ka tsaya kana cewa ai wataƙila shi ma ya yi gudu a kan gargada. Ko ya yi, ba shi ya haifi tsagar ba.

Masana ƙarfe suna kiran wannan irin karaya gajiyar ƙarfe. Ka san yadda ake tsinka waya ba tare da filaya ba, a lanƙwasa ta nan a mayar can har ta yi zafi ta rabu. To haka ne, sai dai a nan lanƙwasar ba ta kai ido ya gani ba, yawanta ne ke kisa. An daɗe da sanin wannan ciwo. A shekarar 1842 wani jirgin ƙasa da ya taso daga Basai (Versailles) zuwa Faris a ƙasar Faransa ya yi mummunan hatsari bayan sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun kan jirgin ta karye, mutane da dama suka rasu, abin da ya sa injiniyoyi suka duƙufa kan dalilin da ƙarfe mai kauri zai karye ba tare da an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Wani injiniyan jiragen ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru tsakanin 1850 da 1870 yana gwaji, ya nuna cewa ƙaramin nauyi da ake ɗorawa ana saukewa sau miliyoyi yana karya ƙarfen da babban nauyi na lokaci ɗaya bai iya karyawa ba. Yanzu ka yi lissafin injinka. Silinda ɗaya mai bugu huɗu da ke juyi 5,000 a minti yana harbawa sau 2,500 a minti, wato sau 150,000 a awa. Tafiyar awa 7 kacal ta wuce bugu miliyan guda. Kai kuma wata 7 ka yi.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Sauran notunan babur ɗin duk suna shan wannan jijjiga, me ya sa wannan ne ya gaji? Noti mai milimita 8 da aka rubuta wa 8.8, idan na ƙwarai ne, sai an rataya masa kusan tan 3 kafin ya tsinke. Ƙarfen kariyar da bai wuce 'yan kilo ba bai isa ya fi ƙarfinsa ba. Amsar tana cikin wasiƙarka, a wurin da ka ce kun banƙaro ƙarfen kafin notin ya shiga, da wurin da ka ambaci jan gari.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin idan ka gane wannan ka gane komai. Noti ba ƙusa ba ne da aka soka a rami don ya tare. Idan ka ɗaure shi, miƙar da shi kake yi kamar roba, shi kuma yana ƙoƙarin komawa, sai ya matse ƙarfen biyu da juna. Notin milimita 8 mai lamba 8.8 da aka ɗaure yadda ya kamata yana matsa da ƙarfin da ya haura tan ɗaya da rabi. Muddin wannan matsin na nan, ƙarfen biyu sun zama kamar abu ɗaya, jijjiga tana wucewa ta jikinsu, notin kusan ba ya jin komai. Amma miƙewar da ke haifar da wannan matsi ƙarama ce ƙwarai. Idan tsawon abin da notin ya matse milimita 30 ne, miƙewar ba ta wuce milimita 0.06 ba, kwatankwacin kaurin silin gashin kai. Ka ga ke nan idan wani abu a tsakanin ya lotsa da kaurin gashi ɗaya, matsin ya tafi gaba ɗaya, ko da notin bai juya ko kaɗan ba. Kuma irin fentin gari da ake gasawa a jikin waɗannan ƙarafa kaurinsa yakan kai haka ko ya fi. Zafin inji ya tausasa shi, matsi ya murƙushe shi, ya fice daga ƙarƙashin kan notin. Daga ranar notin ya daina matsa, ya koma sanda da ake kaɗawa.

Jan garin da ka gani shaidar haka ce. Ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, ƙananan ɓarɓashi suna fita suna yin tsatsa nan take. Duk inda ka ga wannan gari kewaye da noti a babur ko mota, to wurin yana motsi, ko da ka sa sifana ka ji kamar a ɗaure yake.

Banƙarowar da kuka yi ita ce ta ƙara wa ciwon gishiri. Bututun ƙarfe da aka tilasta wa zama inda ba wurinsa ba kullum yana neman komawa, yana jan notin ta gefe dare da rana. Kunnen ƙarfen ma ba zai kwanta daidai a jikin inji ba, gefe ɗaya ya taɓa, ɗaya ya ɗaga, sai kan notin ya zauna a karkace. Wani kaso na ƙarfin da kuka sa a sifana ya ƙare ne wajen jawo bututun, bai tafi ga matsi ba. Noti yana da juriya idan ana jansa ta tsawo, amma lanƙwasa ce ajalinsa, musamman a zaren farko da ya shiga rami, wanda shi kaɗai ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin. Idan ka ga tsagar ta cinye daga gefe guda ta nufi ɗaya gefen, hakan ya yi daidai da notin da ake lanƙwasawa ta fuska ɗaya. Girman ɓangaren mai sumul ma yana magana. Tunda sai da tsagar ta ci kashi biyu cikin uku kafin ragowar ya gaza, nauyin da ke kansa ba mai yawa ba ne. Ba ƙarfi notin ya rasa ba, zama ya rasa.

Shi ya sa shawarar sa 12.9 ba ta gamsar da ni ba. Lambobin nan ma'anarsu a fili take. Ta farko idan ka ninka ta sau 100 ita ce ƙarfin da ƙarfen ke tsinkewa, 800 ga mai 8.8, 1,000 ga mai 10.9, 1,200 ga mai 12.9, a ma'aunin megafaskal. Ta biyu kuma tana nuna kason wannan ƙarfi da notin zai ɗauka kafin ya miƙe bai dawo ba, kashi 8 cikin 10 ko 9 cikin 10. Gaskiya ne 12.9 ya fi ƙarfi, amma amfanin ƙarfinsa sai an ɗaure shi da matsi fiye da na 8.8, kuma ramin da zai shiga zaren alminiyam ne, wanda zai lashe tun notin bai ji komai ba. Idan kuwa aka ɗaure shi daidai da na da, a kan fenti ɗaya da karkata ɗaya, zai gaji ya karye kamar ɗan'uwansa. Ƙari a kan haka, ƙarfe mai tauri irin wannan ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, kuma idan an yi masa rufin tutiya da lantarki yana iya shan iskar haidurojin ya yi gautsi, ya tsinke kwanaki kaɗan bayan ɗauri ba tare da an taɓa shi ba. Sannan ka tuna ranar faɗuwa ta gaske. A ranar dole wani abu ya ba da kai, kuma gara noti ya lanƙwashe da a fisge kunnen inji. Kada garin neman gira a rasa ido.

Farin ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa kyau ne da shi a ido, amma irin wanda aka fi samu, mai rubutun A2-70, ƙarfinsa 700 ne, kuma yana fara miƙewa tun a 450, alhali 8.8 sai ya kai 640. Ka ga baya aka koma. Yana kuma da halin kamewa a zare, ga shi idan ya daɗe a cikin alminiyam da danshi sai alminiyam ɗin ya riƙa ruɓewa ya zama farin gari. Ka bar shi ga murfin roba da lambar babur.

Walda ita ce na fi tsoro a cikin shawarwarin. Ba a haɗa bututun ƙarfe da jikin inji na alminiyam da walda, don haka mai wannan shawara firam yake nufi. Zafin walda yana canja ƙarfen firam a gefen ɗinkin, nan ne kuma sabuwar tsaga za ta fara, wannan karon a ƙashin bayan babur. Duk ƙarfin faɗuwa zai tafi kai tsaye cikin firam, kuma ranar da za a sauke inji sai an yanka. Kada ka yarda.

Kafin gyara, akwai abin da ya fi gaggawa. Duba ko wannan noti aiki biyu yake yi. A babura da yawa ana cire notin da ke riƙe inji da firam ne, a sa wani mai tsawo wanda zai riƙe injin da ƙarfen kariya tare. Idan naka haka yake, ka ajiye babur ɗin, kada ka hau ko zuwa bakin titi, domin inji ne ke rataye da ƙarancin mariƙi, sauran mariƙan kuma suna ɗaukar nauyin da ba nasu ba. Idan ƙarfen kariyar kaɗai yake riƙewa, to cire ƙarfen gaba ɗaya, ka mayar da notunan asali a inda aka cire su, ka ci gaba da hawa haka nan har a gama gyara. Babur marar ƙarfen kariya ya fi mai sakakken ƙarfe aminci. Sakakke yana iya sauka ya tare libar giya, ko ya kama ƙafar wando, ko ya taɓa ƙasa a kwana.

Sai fitar da guntun da ya rage. Albishirinka, notin da ya karye ta wannan hanya sau da yawa ba ya wahalar fita, domin da kansa ya tafi babu sauran matsi a zaren. Zuba masa man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana. Da safe ka sa bakin ƙaramin madoshi a gefen guntun ka riƙa bugawa a hankali ta hannun hagu, sau da yawa za ka ga ya fara juyawa. Idan ya ƙi, a buga ɗigo a tsakiyarsa daidai, a fara huda da siririn baki na milimita 3, zai fi kyau a samu irin bakin da ke ci ta hagu, wanda yakan kama guntun ya warware shi tun ana cikin huda. A auna zurfin tun farko a naɗa salatif a jikin bakin, saboda a bayan wasu ramukan akwai hanyar baƙin mai ko cikin inji kansa. Ɗan zafi yana taimakawa, tunda alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ji wuta, amma a yi hattara, yana narkewa a digiri 660 kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Idan guntun ya ɗan fito waje, ƙwararren mai walda zai iya ɗora macen noti a kansa ya ɗiga walda a tsakiya a kwance da sifana. Wannan ce kaɗai waldar da na yarda da ita a aikin nan, ita ma sai an cire batir an nisanta ta da tankin mai da bututunsa.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai zaren hagu da ake murɗawa cikin ramin da aka huda don zaro guntu. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana aiki da shi a kan inji irin naka. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa, sai muka ji ƙas, siririyar ƙara kamar an taka gilashi. Ya karye a ciki, daidai da bakin ramin. Ƙarfensa ya fi bakin huda tauri, duk bakin da aka sa sai ya zame ya ci alminiyam ɗin gefe. Aikin rabin awa ya koma sauke inji. Idan za a yi amfani da shi, da yatsu biyu ake juya shi, da ya yi gardama a tsaya.

Lura da yadda guntun ya fito, domin shi ma yana da labari. Idan babu tsatsa, babu gam, amma ya ƙi motsi sai da ƙyar, to akwai yiwuwar notin ya yi tsawo ne ya tokare ƙasan ramin. Wannan kuskure ne da ake yawan yi da ƙarafan da ba na kamfani ba. Sifana za ta yi nauyi a hannu, mutum ya ɗauka ya ɗaure, alhali ƙasan rami notin ya tokara, bai matse komai ba. Dubi ƙarshen guntun, idan ya yi ƙyalli ko ya baje, ka samu dalili na uku. Zura siririyar waya ka auna zurfin ramin. Sabon notin ya kamata ya bar sararin milimita 2 zuwa 3 a ƙasa, ya kuma kama zare aƙalla milimita 12 zuwa 16, wato ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurinsa, tunda a alminiyam yake. Ka haska ramin da tocila ka ga ko zaren lafiya yake, ko kuma akwai tsaga a kunnen injin. Idan zaren ya lashe, ana sa masa zaren ƙarfe irin Helicoil ko Time-Sert, kuma idan an yi shi da kyau yana riƙewa sosai. Kada a faɗaɗa ramin a tura babban noti.

Yanzu maganar ƙarfen kansa, wadda ita ce bakin zaren. Sassauta duk notunansa, ka ɗora shi a jikin babur ba tare da ɗauri ba. Kowane noti ya kamata ya shiga da yatsu, zagaye 3 ko 4, ba tare da an tura ko an banƙara ba, kowane kunne kuma ya kwanta lif a mazauninsa. Gwada zura takarda tsakanin kunnen da inji. Idan akwai tazara a miƙe, a cike ta da zoben ƙarfe mai kauri daidai da ita, ba tarin washa ba, ba kuma roba ba. Duba ledar da ƙarfen ya zo a ciki, sau da yawa akwai irin wannan zobe da aka manta ba a sa ba. Idan ramin ya kauce da milimita 1 ko 2, a ɗan faɗaɗa ramin kunnen ƙarfen da magagari ta ɓangaren da ake so, a sa washa mai tauri a kai. Idan ya wuce haka, a sauke ƙarfen a gyara lanƙwasarsa a kan bencin aiki, ba a jikin babur ba. Idan kuma ya ƙi daidaituwa duk da haka, ba na babur ɗinka ba ne, ka haƙura da shi.

Kankare fentin da ke ƙarƙashin kan noti da wanda ke fuskar da za ta taɓa inji, har ƙarfe ya fito. Sayi sabbin notuna, ba ɗaya ba, duka na ƙarfen, saboda tun da wannan ya saki sauran suke ɗaukar nauyinsa, wataƙila su ma sun fara tsagewa a ɓoye. Ka sayi 8.8 mai rubutu a kai daga wurin da ka amince da shi. Idan ramin na riƙe inji ne, littafin babur ɗin ko takardar ƙarfen su za su faɗi lambar da ta dace, sau da yawa 10.9. Ka tafi da tsohon a gwada zare da zare. Na milimita 8 yawanci tazarar zarensa 1.25 ce, kuma kaurin jiki ake aunawa, ba girman sifanar da ke kama kansa ba, wadda kan zama 12 ko 13.

Wajen ɗauri, a fara sa duka da hannu, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada a ƙarasa ɗaya sauran suna sake. Nemi sifana mai awon ɗauri, ko aro ne. Abin da aka saba ga milimita 8 mai 8.8 shi ne wajen Nm 25, wato 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar, a busasshen zare, amma abin da littafin babur ɗinka ya rubuta shi ke gaba da maganata. Kada ka shafa giris ko baƙin mai a zaren. Kusan kashi 9 cikin 10 na ƙarfin da kake sawa a sifana yana ƙarewa ne wajen gogayya, don haka idan ka sa santsi, awo ɗaya zai miƙar da notin fiye da kima ko ya lashe zaren. Abin da za ka sa shi ne ɗigo biyu na shuɗin gam ɗin zare, irin Loctite 243, bayan ka wanke ramin ya bushe, sannan ka bar shi awa 24 kafin ka hau. Ka guji jan, domin shi sai da wuta mai zafin kusan digiri 250 yake kwancewa. Washa mai tsaga da mutane ke dogaro da ita kuma ba ta da wani tasiri a irin wannan wuri. Tun 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna da na'urar gwajinsa cewa motsin gefe da gefe shi ke kwance noti, kuma gwaje-gwajen da ake yi da irin na'urarsa sun nuna wannan washa ba ta hana shi.

Da ka gama, ɗauki alƙalamin fenti ka ja layi ɗaya daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfen. Kullum da safe kallo ɗaya ya isa ka san ko ya juya. Bayan kilomita 100 na farko, inji a sanyaye, ka ɗora sifanar awon a kan kowanne ka ga ko ta kai awonta ba tare da notin ya motsa ba, ka sake yin haka bayan kilomita 500. Idan ya motsa, cire shi ka wanke ka sabunta gam ɗin, tunda riƙon gam ɗin ya riga ya karye. Idan kuma jan garin nan ya dawo, ko kaɗawar, sauke ƙarfen a ranar ka aiko mini da hoton kunnen da na mazauninsa a jikin inji.